Na ɓoye wa Ƙasimu sabbin katunan

Hajja Awadiyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Laraba, kuma kada ki yi mini dariya, wadda matata Sittana ta yi mini ta ishe ni. Shekarata talatin da takwas, 'ya'yana uku, ina gyaran wutar mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, gidana yana Umbadda. Abin da ya hana ni sakat mako uku ke nan wasan kati ne. Na san yadda maganar take a kunne, amma ki daure ki karanta.

Ba caca ba ce, na fara da wannan. Ba a ajiye ko sisi. Wasa ne da ake bugowa a ƙasar waje, kowane kati da hotonsa da rubutun Turanci a ƙasa da ke faɗin aikinsa. Mu a nan Tannin muke ce masa, saboda macijin da aka zana a bayansa. Kowa yana zaɓen kati arba'in ya haɗa, kuma ba a sa fiye da uku na iri ɗaya. Wannan arba'in ɗin muke kira ɗauri, don da roba muke ɗaure shi. Rabin gwanintar a wajen haɗa ɗaurin take: wanne za ka sa, wanne za ka bari a gida, wanne ne zai taimaki wanne. Muna haɗuwa a wani nadi, wato kulob, a Umdurman duk Juma'a bayan la'asar, mu tashi da kiran magariba.

Kin san halin ƙasar. Babu shagon da ke sayar da shi a Khartum, kuma da takunkumin nan da aka sa wa ƙasar ba ka isa ka saya ta intanet ba. Duk katin da kika gani a garin nan a cikin shantar wani, wato akwatin tafiyarsa, ya shigo, daga Jidda ko Alƙahira. Shi ya sa tun farko muka ɗauki wata al'ada: mutum biyu, ɗauri ɗaya. Kowa ya kawo abin da yake da shi a haɗa. Idan gasa ta zo a rubuta sunayen biyu a layi ɗaya, wannan ya buga wasan farko, wancan ya buga na biyu, wanda ba nasa ba ne ya zauna a baya ya kama bakinsa.

Abokin ɗaurina Ƙasimu ne. Mai walda ne, warsharsu, wato shagon aikinsu, layi biyu ce tsakaninta da tamu, hafila ɗaya, wato bas, muke shiga mu ƙetare gada da safe. Iyayenmu a kambo ɗaya, sansanin 'yan ƙwadago, suka tsinci auduga a Jazira kafin su dawo birni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗaurinmu ɗaya. Kati ashirin da ɗaya nawa ne, sha tara nasa, amma gaskiya shi ya tsara shi, ni dai hannuna ya fi sauri. Ɗauri ne mai sanyin jiki kamar mai shi. Muna da katin da muke ce wa Katanga, da Mai Gadi, da Rijiya. Mu yi ta tarewa, mu yi ta tarewa, abokin karawa ya ƙarar da ƙarfinsa, sai wajen zagaye na goma mu juyo masa. A nadi ɗaurin tsofaffi suke ce masa. Sau biyu muna kaiwa wasan ƙarshe a gasar shekara, sau biyu ana kayar da mu. Ba mu taɓa ɗaukar kofin ba.

Bari in faɗa miki irin mutumin, don kada ki ce na rage masa. Shekaru shida da suka wuce wasu masu kaki suka shigo nadin suka ce caca muke yi, suka tattara katunan kowa a leda suka tafi. Kowa ya watse, har da ni. Ƙasimu ne ya bi su, ya yini a kan benci, ya baje katunan a teburin babbansu ya koya masa wasan, har mutumin ya gaji ya ce ya kwashi tsiyarsa ya tafi. Tun daga ranar muke karɓar takarda daga kwamitin unguwa kafin kowace gasa. Da ba don shi ba da yau babu Tannin a Umdurman.

To watan jiya sabon zubi ya fito, kati ɗari da wani abu. Mutanen Bahri, can ƙetaren kogi, su ne suka fara samu. Hajja, wasan ya canja gaba ɗaya. Akwai wasu katuna da muka sa wa suna Kuraye, suna tsallake Katanga kamar babu ita. Akwai wani kuma da ke dawo da katin da aka riga aka kashe. Ɗaurinmu yana buƙatar zagaye goma kafin ya farka, yanzu kuwa a zagaye na biyar an gama an fara neman shayi. Wanda duk ya zo gasar bana da ɗauri mai jinkiri, ya zo gaisuwa ne kawai. Na zauna na lissafa ba sau ɗaya ba. Idan muna so mu yi wani abin kirki sai an cire kati ashirin da biyu an sa sabbi, kuma sha shida daga cikin waɗanda za a cire na Ƙasimu ne.

Da wannan ce kaɗai matsalar da ban rubuto ba. Ƙasimu ba mai riƙe kati ba ne don nasa ne. Matsalar idonsa ce. Shekara biyu ke nan ba ya ganin ƙaramin rubutu. Na gane ne wata rana muna cin ful, saƙo ya shigo wayarsa, ya miƙo mini ya ce hannunsa da mai. Hannunsa kuwa babu komai. Da na matsa masa ya faɗa mini, ya kuma sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, don idan maganar ta fita a Mantiƙa babu mai ba mai walda marar ido aiki, kuma 'ya'yansa huɗu. Ya je asibiti sau ɗaya aka ba shi magani na ɗigawa aka ce ya dawo, bai koma ba. A nadi babu wanda ya sani, domin ya haddace tsofaffin katunan duka, namu da na abokan karawa, da launi da siffar hoton yake gane su. Yana kawo katin kusa da fuskarsa ya yi shiru, mutane su ce Ƙasimu yana tunani.

Sabbin katunan kuwa rubutunsu dogo ne, ƙanana kamar tururuwa, hotunan duk shuɗi da baƙi, sun yi kama da juna. Ni mai ido ma sai na ƙura.

Yanzu ga abin da na yi. Ƙanin Sittana, Ibrahimu, yana aiki a Jidda. Tun kafin ya zo hutu na roƙe shi ya sayo mana sabon zubin, kuma Ƙasimu ya san na roƙa. Ibrahimu ya zo, ya kawo. Sittana ta raba tsarabar shantar kamar yadda aka saba, har ta aika wa Mawahib matar Ƙasimu da turaren wuta da mayafi. Ni kuma na buɗe katunan na karanta, na nannaɗe su a leda na sa a ƙasan akwatin spanata a warsha. Da Ƙasimu ya tambaya a hafila na ce Ibrahimu ya manta. Ya ce ma'alesh, ba komai, Allah ya kai mu wani zuwan. Bai sake tada maganar ba, ni kuma na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini.

Ban tsaya nan ba. Wata Talata na rufe aiki da wuri na ce zan je sayen kayan mota, na hau zuwa Bahri ni kaɗai da ɗaurin da na haɗa a ɓoye. Na buga bakwai na ci shida. Wallahi tun da nake wasan nan ban taɓa jin hannuna haka ba. Hamid, wanda ke riƙe da littafin rajistar gasa, yana wurin yana kallo. Ya ja ni gefe ya ce bana an yarda mutum ya yi rajista shi kaɗai idan katunansa sun kai arba'in, kuma nawa sun kai. Ya ce in daina ɗaukar kaya a ka, kofin nan nawa ne idan ina so. Ranar Laraba ake rufe rajista, gasar kuma saura mako uku.

Ina son kofin. Gara in faɗa. Kofin gwangwani ne da aka fesa wa ruwan zinariya, ko shayi ba a sha da shi, amma ina so. Tun ina yaro ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, makaranta ma a tsakiya na bari. Sau biyu ina tsaye ina tafa wa wani.

Idan na rubuta sunanmu da tsohon ɗauri, za a yi waje da mu tun wasan farko, kuma na san zan riƙe shi a raina, na san kaina. Idan na rubuta sunanmu da sabon, zai zauna gaban mutum hamsin da katin da ba ya iya karantawa, asirin da na rantse a kai ya tonu a hannuna. Abin da zuciyata ke ta raya mini shi ne in rubuta sunana ni kaɗai, in bar shi ya huta bana, daga baya in samo abin da zan ce masa. Wani lokacin sai in ga ai wannan ma rufin asiri ne. Wani lokacin kuma in dube shi a hafila yana ba ni labarin yadda za mu gyara Katanga mu tare Kurayen Bahri, in ji kamar in sauka a tsakiyar gada. Mutumin nan ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zaman shayi, Juma'ar nan ce kaɗai tasa.

Sittana ta ce in haɗa tsoho da sabo in cinna musu ashana kowa ya huta. Ba zan iya tambayar kowa a nadi ba saboda rantsuwar. Shi ya sa na canja sunaye na rubuto miki. Me zan yi?

Naki,
Mai Rabin Ɗauri, Umbadda

*

Mai Rabin Ɗauri, wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba. Ban taɓa riƙe katin nan ba, amma bayaninka ya fito sarai, kuma abin da mutum hamsin suka yi shekaru suna taruwa a kansa ba tare da zagi ko caca ba, ba abin rainawa ba ne. Ka gaida Sittana, ka ce mata ta ajiye ashanar tukuna.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Son kofin ba laifi ba ne, kuma ba sai ka ba kowa haƙuri a kansa ba. Tsohon ɗaurin ma, bisa ga abin da ka faɗa, lokacinsa ya wuce. Shiga gasa da shi don tausayi ba alheri ba ne, domin Ƙasimu ya fi ka sanin wasan, zai gane ka miƙa wuya ne saboda shi, kuma babu namijin da ke son a yi masa haka. Tsoronka na ya ji kunya a gaban jama'a shi ma tsoro ne na gaskiya, tunda abincin gidansa yana rataye da maganar.

Inda ka kauce shi ne ka yanke hukunci a madadinsa. Ka buɗe leda, ka karanta, ka ce ba zai iya ba, ka rufe. Ko kati ɗaya ba ka gwada shi da shi ba. Kai da bakinka ka ce mutumin ya haddace katunan garin nan duka, har ya yi shekara biyu yana wasa cikin masu ido babu wanda ya lura. Irin wannan kan ne kake cewa ba zai ɗauki sabon abu ba? Sannan ka sake duba lissafinka. Ka ce ana sa uku na iri ɗaya. To kati ashirin da biyu yana iya zama iri takwas ko tara kawai. Mako uku gare ku, kuma kullum kuna zaune kafaɗa da kafaɗa a hafila, zuwa da dawowa.

Abu na biyu ba zai yi maka daɗi ba. Ina kyautata zaton ya san katunan sun iso. Ƙanena, a Umbadda ake buɗe shantar Jidda a ɓoye? Turaren shantar yana tashi a ɗakin matarsa. Ka buga wasa bakwai a Bahri gaban mutanen da suka san shi. Mai son wasa kamarsa ya tambaya sau ɗaya ya yi shiru, wannan shirun ba na mantuwa ba ne. Wataƙila yana jira ne ya ga yaushe za ka faɗa. Wataƙila kuma ya gane dalilinka, yana ta ba ka labarin gyaran Katanga ne don ya sauƙaƙa maka. Ko wanne ne, kowace safiya da ta wuce tana ƙara wa maganar nauyi.

Ga abin da zan ce ka yi. Ranar Litinin ka ɗauko ledar daga akwatin spana ka je gidansa. Ba a hafila ba, ba a warsha ba, inda babu kunnen kowa. Ka ajiye katunan a gabansa ka ce sun zo tun ranar da Ibrahimu ya sauka, ka yi masa ƙarya, ka je Bahri, ka ci shida, Hamid ya yi maka tayi, kuma ranka ya biya. Ka faɗi dukansu, kada ka bar na Hamid a aljihu. Kada ka fara da cewa don shi ka yi, ko da akwai gaskiya a ciki, domin rabi don kanka ka yi kuma ya sani. Idan ya yi fushi ka zauna ka sha, kai ka jawo.

Idan ya huce, ka karanta masa katunan ɗaya bayan ɗaya, kana ba shi yana dubawa. Ka naɗa masa muryarka a waya, sunan kowane kati da aikinsa, ya riƙa saurara. Kuma kada ka kai masa ɗaurin da ka riga ka gama ka ce ya haddace. Shi ya tsara na farko, ka bar shi ya sa hannu a na biyu. Mai yiwuwa cikin sha shidan da ka yanke wa hukunci akwai waɗanda zai nuna maka amfaninsu.

Saura katunan abokan karawa, waɗanda ba zai iya haddacewa duka a mako uku ba. Wannan kai za ka ɗauke masa. Ka nemi Hamid a sa doka bana cewa duk wanda ya ajiye sabon kati ya karanta aikinsa da ƙarfi. Katunan sabbi ne ga kowa, Turancin ma ba na uban kowa ba ne a cikinku, na tabbata mutum goma za su yi maka godiya a ransu. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba.

Yana iya cewa ya gwada ba zai iya ba, ko ya ce bana ba ya so. Idan ya faɗi haka da bakinsa, ka rubuta sunanka kai kaɗai da zuciya ɗaya, ka tambaye shi abin da yake so a yi da katunansa sha tara, ka je ka nemi kofinka. Ba ka ci amanar kowa ba. Amma ka lura kada ka kai masa maganar ta yadda babu abin da ya rage masa sai ya ce ka tafi. Ka tambaye shi tambayar da kake shirye ka karɓi amsarta ko wace ce.

Maganar idon kuma ba zan tsallake ta ba. Ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, ba ka rantse za ka zuba masa ido ba. Shekara biyu sun yi yawa. Ni ba likita ba ce, amma na san akwai ciwon ido da ake gyarawa idan an je da wuri, wani ma tabarau kawai yake nema. Ka iya rufe aiki ranar Talata don zuwa Bahri, to ka rufe wata safiyar ka raka shi asibiti, ka zauna a layi tare da shi har a kira sunansa. Irinsa ba ya komawa shi kaɗai.

Kafin duk wannan, kada alƙalaminka ya taɓa littafin Hamid. Ƙaryar shanta zai iya yafe maka, abokai suna yafe abin da ya fi wannan. Wanda ban ga yadda zai wuce masa ba shi ne ya zo nadi ya nemi sunansa a layi, wani ya gaya masa a gaban mutane cewa kai kaɗai ka rubuta.

Allah ya ba shi lafiyar ido, ya ba ka ƙarfin buɗe baki ranar Litinin, ya bar ku tare.

Hajja Awadiyya